Aikin jakadanci da son tarihin gida: suna haɗuwa kuwa?

Ƙanena, ka ce kana son shiga ma'aikatar harkokin waje, amma kana tsoron yawon ƙasashe zai raba ka da tarihin garinku da kake bibiya tun kana yaro. Ka kwantar da hankalinka, an yi kafin kai.

Dubi marigayi Alhaji Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano. Shugaba Shagari ya tura shi wakilin Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, har ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata na Afirka ta Kudu. Amma idan ya zauna ya fara zancen Kano, sarautunta da unguwanninta, sai ka rantse bai taɓa fita ƙofar gari ba. A ganina, sanin asalinsa ne ya ba maganarsa nauyi a gaban duniya.

Kuma aikin kansa zai buɗe maka ƙofofi. In an tura ka Landan, takardun Turawan mulkin mallaka suna nan a ma'ajiyar takardun tarihi ta gwamnatin Birtaniya da ke unguwar Kew. In Gana ce, ka je zangon Kumasi ka zauna da dattawa. Jikokin fataken goro ne, kuma wasu suna riƙe da labarin da mu a gida muka saki.

Ka dage da Faransanci da Larabci tun yanzu. Hutunka kuwa, ka raba shi tsakanin Arewa House, cibiyar adana takardu da binciken tarihi a Kaduna, da zauren tsofaffin unguwarku. Ka fara da tsofaffin, ka naɗi muryarsu a waya, domin takarda tana jira, su ba sa jira. Allah ya ba da sa'a.