Kafin ka yi mafarkin Lozan

Ɗana, ka tambaye ni wai tunda zuciyarka na wajen ƙwallo, ko za ka iya tsallake shari'o'in 'yan kasuwa ka nufi kotun wasanni ta Lozan kai tsaye. Da rarrafe yaro kan tashi. Zauna ka ji.

Da farko daina kiran aikin nan namu na raba gardama sulhu. Ba lallashi muke yi ba. Ɓangarori biyu ne suka amince tun a kwangila cewa in rikici ya taso, ba za su je kotun gwamnati ba, za su naɗa masu raba gardama, galibi uku, kuma hukuncinsu ya zauna daram. Abin da ya ba hukuncin haƙori shi ne yarjejeniyar Niyok ta 1958, wadda ƙasashe sama da 170 suka shiga. Ka ci shari'a a Faris, ka je ka kama dukiyar mutum a wata ƙasa.

Saboda haka hannunka zai fara faɗawa ne a kan sakin layin nan na raba gardama da ake liƙawa a ƙarshen kwangila, wanda kowa ya gaji kafin ya kai gare shi. Wace cibiya? ICC ta Faris, wato cibiyar raba gardama ta ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya, wadda ke aiki tun 1923 (ba ta Heg mai kama shugabanni ba, ana yawan rikita su), ko ta Landan, ko ta Singafo? Wane gari ne mazaunin shari'ar? Kotunan garin nan ne ke da ikon soke hukuncin. Ina ƙaramin lauya an miƙo min wata kwangila da wani kamfani ya rubuta sunan cibiyar da ba ta wanzu ba sam. Wata da watanni muka kwashe muna jayayya kan inda za a zauna, ba a ko taɓa maganar kuɗin ba.

Wasanni kuwa, aikin ɗaya ne, sai dai da gudu. An kafa kotun sauraron ƙararrakin wasanni, CAS, a Lozan ta Suwizalan a 1984. Kwana 21 ne wa'adin ɗaukaka ƙara, sai in dokar hukumar wasan ta faɗi wani abu daban. Ka makara da kwana ɗaya, ɗan wasanka ya tafi da takunkuminsa, komai gaskiyarsa. A gasar Olamfik ma, tun Atlanta 1996, akwai reshe na musamman da ake so ya yanke hukunci cikin awa 24, don mai tsere ba zai jira ba. In an kayar da kai, kotun tarayyar Suwizalan ce ta rage, ita kuma ƙofarta ƙarama ce ƙwarai.

Ka gyara Turancinka na rubutu, ka ƙara Faransanci in za ka iya. Gobe da safe ka ɗauko kwangilolin nan uku da ke kan teburina, ka ja layi a ƙarƙashin mazaunin kowacce, ka kawo min.