Amsa: In nemi tsohon ɗalibina ko in bari?

Malam, wai zubar da girma ne ka fara neman ɗalibinka da ka gani a Facebook bayan shekara 12? Haba dai, tura masa saƙo kawai. Ni ma na koyar a wata firamare a Agege, akwai yarinyar da sai ta gama tallan ƙosai take shigowa aji, littafinta duk maiƙo amma a lissafi ba ta da na biyu. Bara na kai tsohuwata asibiti wajen Idi-Araba sai ga wata nas ta durƙusa tana "Malam ina wuni", wallahi ban gane ta ba sai da ta ce mai ƙosai ce, ita ta yi ta zirga-zirgar yankar mana kati. Ka dai fara da gaisuwa, ka tuna masa ajinsu.