Allurar sanƙarau ce ke sa ƙwayar cutar ta rikiɗe?

Tambaya: Likita, an yi wa yaranmu allurar sanƙarau, amma duk bazara sai mu ji ya ɓulla. Allurar ce ta canza ƙwayar? Daga wata uwa a Tibiri, jihar Maraɗi.

Amsa: Hajiya, allura ba ta ƙirƙirar sabuwar ƙwaya. Ƙwayar sanƙarau tana sanye da wani kwanso na sukari, da shi ake raba ta gida-gida, kamar A, C, W, X, Y. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi wa mutane a Nijar a 2010, gidan A kawai take karewa, kuma ta kusan share shi har daga maƙogwaron masu ɗauke da shi ba tare da ciwo ba.

Sauran gidajen suka samu fili. Kuma waɗannan ƙwayoyi suna tsintar sinadarin gado daga junansu a cikin maƙogwaro. Irin C da ya haddasa annobar Yamai a 2015 asalinsa ba shi da kwanso, daga baya ya samo shi ta wannan hanya. Shi ya sa ake aika ruwan ƙashin bayan marasa lafiya cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai a tantance gidan.

Yanzu akwai allurar Men5CV mai kare gidaje biyar ɗin. Yaro ya yi zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a kai shi asibiti ranar, ko da an yi masa allura.