Ɓerayen gwajina ba sa farfaɗowa da wuri bayan allurar barci, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ina digiri na biyu, kuma aikina ya haɗa da yi wa fararen ɓeraye tiyata. Ina ba su allurar barci ta ketamin da zailazin daidai nauyinsu, amma tun shigowar hunturu wasu sai su kwashe awanni ba su farka ba, biyu ma sun mutu. Ko maganin ne ya yi yawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki taɓa awon maganin, ki taɓa cikin ɓeran da bayan hannunki. Ina kyautata zaton za ki ji shi sanyi ƙalau.

Zafin jikin ɓera lafiyayye yana wajen digiri 37 ne. Ƙaramin ɓera nauyinsa giram 20 zuwa 30 kacal, fatarsa kuwa tana da faɗi idan aka gwada da ɗan naman da ke ciki, don haka ɗumi ba ya zama a jikinsa. Maganin barci kuma yana danne aikin sashen ƙwaƙwalwar da ke daidaita zafi, ko rawar ɗari ba zai iya yi ba. Ga shi an aske masa gashi, an goge da sifirit, an kwantar da shi a kan teburin ƙarfe, an buɗe ciki. Cikin minti 15 sai zafin ya faɗi da digiri da dama. Daga nan zuciya ta rage bugu, numfashi ya yi ƙasa, hanta ta yi nawa wajen sarrafa maganin, shi ya sa barcin ke ƙin ƙarewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ko ɓeran ya rayu, sakamakon ya gurɓata. A gwajin shanyewar jiki, misali, sanyi yana kare ƙwaƙwalwa, sai ɗalibi ya ɗauka maganinsa ne ya yi aiki.

Mafi inganci shi ne shimfiɗar da ruwan ɗumi ke zagayawa a cikinta, ko wadda ke haɗe da ma'aunin zafi da ake sakawa a dubura, tana daidaita kanta. Idan babu, ko ana yawan ɗauke wuta, ki tanadi ruwan ɗumi a filas. Ki cika safar hannu ta roba biyu, ki ɗaure bakinsu, ki naɗe da tawul, ki ajiye a gefe da gefensa, kina canzawa idan sun huce. Kada robar ta taɓa fatarsa kai tsaye, domin dabbar da ke barci ba ta iya matsawa idan tana ƙuna. Saboda haka ne ma ba na son shimfiɗar lantarki ta gida da fitilar ɗumama jiki.

Ki fara ɗumama shi tun kafin allura. Ki aske iya wurin yanka, ki taƙaita sifirit, ki rufe wutsiya da ƙafafu, don ta wutsiya ɗumi ke fita sosai. Ruwan gishirin da za ki ba shi a ƙarƙashin fata ma ya zama mai ɗumin jiki. Ki riƙa auna zafinsa duk minti 10 kina rubutawa.

Bayan ɗinki kada ki mayar da shi cikin 'yan uwansa. Ki sa shi shi kaɗai a keji mai shimfiɗar tawul, rabin kejin a kan abin ɗumi, rabi a waje, har sai ya miƙe yana tafiya da ƙafafunsa. Idan kin yi duk wannan kuma ba ta canza zani ba, sai ku zauna da likitan dabbobin sashenku ku duba awon zailazin ɗin.