Amsata kan bindigogin nan guda biyar

Assalamu alaikum jama'a. To ƙanena, na saurari muryarka har sau biyu. Ka ce wai me nake yi da bindiga mai baki biyu har guda biyar, duk kamarsu ɗaya, me zai hana in sayar in haɗa kuɗin in sayi ta kamfanin Purdey mai tsadar nan guda ɗaya in huta. Na gane inda ka dosa, so kake ka ce ƙarfina ne bai kai ba. E, bai kai ba ɗin! Amma wallahi ko ya kai ba ita zan saya ba.

Kai kana ganin iri ɗaya ne don a hoto ka gani. Abin da nake bi shi ne ƙirar Anson da Deeley, kuma wadda aka yi a nan Birmingham ta Ingila kawai. Mutum biyu ne, William Anson da John Deeley, a kamfanin Westley Richards, suka fito da ita a 1875. Kafin nan, ai ka san irin ta Baffa, mai guduma biyu a waje da sai ka janyo da babban yatsa. Su suka cusa komai cikin ƙarfen tsakiya, da ka karya bindigar za ka sa harsashi, ita da kanta ta ɗana. Shi ke nan fa. Daga baya kowa ya kwaikwaya, har Sifen, har Rasha. To ni so nake in ga yadda kowane maƙeri a gari ɗaya ya sarrafa dabara ɗaya. Akwai Westley Richards ɗin, akwai Webley & Scott, akwai ta Greener... a'a tsaya, ta Greener ba ainihin Anson da Deeley ba ce, tasa ce ya yi mai kama da ita, har kotu aka je a kan haka kuma shi ya ci. Don rigimar ma na ajiye ta a cikinsu.

Purdey kuwa 'yar Landan ce, tun 1814 suke, ba wanda ya raina su. Amma wannan kayan masu gandu ne, ana yi musu biyu-biyu, a rubuta 1 da 2 da zinari, wani yana tsaye a baya yana ɗura maka. Ni wa zai ɗura min?

Kuma wanda ya tambaya jiya me ake nufi da 12 in an ce bindiga mai 12, faɗin bakinta ne, amma ba inci ba ne. Dunƙulen dalma mai cika bakin bindigar, guda 12 su ke yin laba ɗaya. Shi ya sa mai 20 ta fi ƙanƙanta.

Amma bari in ba ku labarin da har yau yake ci min rai. Wani dillali, ba zan kama suna ba, dattijo da furfurarsa, ya rantse min bindigar ba a taɓa ta ba tun fitowarta. Na biya, na zo gida ina murna, na cire katakon gaba, na zare bakin na juya ƙasansa, wurin da ake buga tambari. Don a ƙasar nan ba a sayar da bindiga sai ta bi ta gidan gwaji, na Birmingham tun 1813 yake aiki, kuma in an yi wa bututunta babban gyara sai sun buga. Na haska tocilan waya, sai ga tambarin an yanke tsofaffin bututun an ɗora sababbi. Ga ma layin haɗin nan siriri kamar zare, inci uku daga gindi, an bi shi da zane don a ɓoye. Na kira shi, wai ai ta fi lafiya a haka. To ni lafiya na ce maka ina nema? Na gargajiya na biya! Ya ce ai da na duba. Haka fa ya ce min, da na duba. Kuma gaskiyarsa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Tana nan a akwatin ƙarfe, ita ce ta biyar ɗin, duk sanda na buɗe sai mun haɗa ido.

Af, da maganar in turo ɗaya gida, ku bar ta. Lasisina na nan ne, shekara biyar-biyar ake sabuntawa, 'yan sanda har gida suke zuwa su ga akwatin a ɗaure da bango. Ban da haka ma tsofaffin nan yawancinsu harsashin inci biyu da rabi suke ci, na kasuwa kuwa yawanci biyu da kwata uku ne, zai shiga lafiya lau amma matsin ya wuce abin da aka gwada ta a kai. Ita ta Baffa ma da za ku... to bar shi dai, sai na zo. Motar aiki ta iso.