Dalilin da ragowar kaya take kumbura a Access

Wa'alaikumus salam Alhaji. Ka ce kana da shagon dabino a unguwar Misfala da ke Makka, ka yi tebur uku a Access, manhajar adana bayanai ta Microsoft, na kaya, na shiga, na fita, amma in ka haɗa jimilla sai ragowar ajwa ta fi abin da ke sito nesa ba kusa ba. Kada ka ɗora wa yaron shago laifi, ko kwamfutar. Na daɗe ina gyara wa 'yan kasuwarmu irin wannan a Makka da Jidda, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne.

Ka cusa teburin shiga da na fita cikin kuweri guda, wato tambayar da ake yi wa Access ya zaƙulo bayanai daga tebur. In ka yi haka, Access yana ɗaukar kowane layin shiga ya aura shi da kowane layin fita na wannan kayan. Misali, an kawo maka ajwa sau 3, kwali 10 kowane zuwa, kwali 30 ke nan. Ka sayar sau 4, kwali bibbiyu, 8 ke nan. Ya kamata saura 22. Amma kuwerin zai fitar da layi 12, wato 3 sau 4, shiga ta koma 120, fita ta koma 24, ya ce maka saura 96! Buɗe kuwerin ba tare da Sum ba, wato umarnin haɗa jimilla, za ka ga rasit ɗaya yana ta maimaituwa da idonka.

Gyaran: kowane tebur ya yi nasa lissafin tukuna. Kuweri ɗaya na shiga, Group By (tara layukan kaya iri ɗaya wuri guda) a kan lambar kaya, Sum a kan yawa. Wani irinsa na fita. Sannan na uku ya haɗa waɗannan biyun da teburin kaya. A nan sai ka danna layin haɗin sau biyu ka zaɓi wanda ke nuna duk kayan da ke teburin kaya, shi ne Left Join. In ba haka ba, dabinon sukkarin da ka sauke jiya ba ka sayar ko kwali ɗaya ba zai ɓace daga rahoto ƙurmus. Kuma ka sa Nz ya mayar da gurbin da babu komai sifili, don 30 a debe babu, amsar Access babu ce, ba 30 ba.

Wani zai ce ka yi amfani da DSum kawai, umarnin da ke ɗauko jimilla kai tsaye daga wani tebur. Yana aiki, amma kowane layi sai ya koma ya sake ƙirga teburin, ga Ramadan da lokacin Hajji ciniki ya yi yawa, rahoton zai riƙa jan ƙafa.

Ni dai da zan fara daga farko, tebur ɗaya zan yi na motsin kaya, shiga da ƙari, fita da ragi, har da wanda ya lalace ko aka ba alhazai ɗanɗano. Sum guda ya gama magana. Kar ka ajiye ragowa a teburin kaya kana gyarawa da hannu, a riƙa lissafo ta.

Ka kuma tsaya kan ma'auni ɗaya, kilo ko kwali, don na ga inda aka gauraya su. Farashi da haraji ma a rubuta su a layin cinikin kansa. Harajin saye a Saudiyya ya fara da kashi 5 a Janairun 2018, ya koma 15 a Yulin 2020, duk wanda ya ajiye shi wuri ɗaya ya canza, tsofaffin rasit ɗinsa sun canza tare.