Amsa ga mai neman jan farce marar illa don 'yarta

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki, cewa 'yarki mai shekara 5 ta dame ki sai an shafa mata jan farce da sallah, ga ta da tsotson yatsa, kina neman wanda ba zai cutar da ita ba. Na daɗe ina yi wa amare ƙunshi da gyaran farce, bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

In kin ɗauki kwalba, juya bayanta ki nemi sunayen sinadarai uku da ake gudu, ga yadda ake rubuta su: toluene, formaldehyde da DBP. Na farkon shi ne mai warin nan irin na fenti. Ranar da na shafa wa ƙawayen amarya su shida a ɗaki ɗaya, taga a rufe saboda hazo, kafin la'asar kaina kamar zai tsage, wata ma jiri ya kwashe ta sai da muka fitar da ita tsakar gida. Tun ranar a waje nake aikina. Shi kuwa DBP, Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2004.

Amma don Allah kada rubutun gaban kwalba ya ruɗe ki. A 2012 hukumar jihar Kalifoniya ta Amurka ta gwada kayan farce 25, cikin 12 da suka ce babu toluene a ciki, 10 an same shi. Ina ga na tire da ake tallansa a rana, babu jerin kayan haɗi, babu lambar NAFDAC? Wannan ko kyauta aka ba ni ba na karɓa.

Ita yarinya, ki nema mata wanda aka haɗa da ruwa, mai ɓarewa kamar bawon albasa. Ba ya wari, ba ya bukatar abin gogewa mai ƙarfi da ke busar da farce har ya dinga karyewa. Ba ya daɗewa, kwana biyu ya fita. Ki shafa siriri, kar ya taɓa fata, ki bar yatsan da take tsotsa.

Ni dai da 'yata ce, jan lalle zan ƙunsa mata, na ganye wanda kika kwaɓa da hannunki da ɗan lemon tsami. Launi ne kawai yake kamawa, ruwan alwala na ratsa shi, mu manya ma ba sai mun jira lokacin fashin sallah ba. Baƙin lallen da ake zuba wa rinin gashi ne ba na yarda ya taɓa yaro, akwai wani sinadari mai tayar da fata da ake kira PPD a ciki. Na ga hannun yarinyar da ya tashi, zanen furen nan gaba ɗaya ya zama ƙuraje masu ruwa, wata guda shatinsa bai ɓace ba.